Faifai na Tara

Bana ma ruwa ya makara. Kullum da la'asar hadari zai haɗo daga gabas, ya yi baƙi ƙirin har mu kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi a bar mu da zufa. Shekaranjiya Sadiya, babbar 'yata, ta zo daga Damaturu, ta shigo ɗakina ta yar da jakar kwamfutarta dab da kaskon turaren wuta. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Ta ɗauke jakar tana dariya, wai tsufa ya fara taɓa ni. Na ƙyale ta. Shekararta huɗu lokacin da abin ya faru, kuma ban taɓa ba ta labarin ba, domin ba labarin da nake jin daɗin bayarwa ba ne.

A shekarun ƙarshe na mulkin soja ne, muna zaune a unguwar Bolewa, gida mai ɗaki biyu da zaure. Bazarar shekarar har yau ban ga irinta ba. Tun hantsi ƙasa ke ɗaukar zafi, in ka taka tsakar gida babu takalmi sai ka yi rawar da ba ka shirya ba. Jikin yara duk ƙurajen zafi. Rijiyoyin garin nan dama zurfi gare su, a shekarar kuwa guga sai ya dawo da rabin laka, mai kurar ruwa ya zama wanda ake gaisarwa da ladabi. Ruwan gidana na raba shi biyu. Akwai randar baya, wadda na binne gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi a lungun da rana ba ta kaiwa, ita ce ta sha, sanyinta har haƙori. Akwai kuma jarkar tsakar gida ta wanke-wanke, wadda ke wuni a rana, ruwanta kamar an sauke daga murhu.

Gero ya yi tsada, muka koma tuwo sau ɗaya, kunu da safe. Shanun da makiyaya ke korowa kasuwa kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Man fetur ya ɓace, babur ɗin maigidana ya yi wata biyu a jingine a zaure, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Wutar lantarki kuwa baƙuwa ce, in ta zo ta yi awa biyu mun gode. Sannan ruwan farko ya yaudari mutane. Ya sauka kamar da bakin ƙwarya, kowa ya fito da irin da ya ɓoye ya zuba a ƙasa, gero ya tsiro gwanin sha'awa, sai sama ta ɗauke ƙafa kusan kwana ashirin. Shuka ta ƙone ƙurmus. An fita roƙon ruwa sau biyu, amma ko da ruwan ya dawo, da yawa ba su da abin da za su sake shukawa.

Baban Sadiya, Allah ya jiƙansa, malamin gona ne a wani shiri na taimaka wa manoma. Abokin aikinsa kuma amininsa shi ne Malam Gimba, mutumin Fika. Tun makaranta suke tare, shi ne babban abokin ango a bikinmu, kuma tunda na tare ban san ranar da suka ci tuwo a kwano daban-daban ba. Iyalinsa suna Fika, shi yana haya a unguwar Yindiski, don haka kullum bayan la'asar yana zaurenmu. Mutum ne mai barkwanci, Hausarsa irin ta mutanensu, mace da namiji duk “ka” ne a bakinsa. Wannan amincin na shekara ashirin shi ne abin da aka yi asara a bazarar, ba na'ura ba.

Na'urar ta zo ne a farkon shekarar. Ofis aka ba guda ɗaya tilo, kwamfutar tafi-da-gidanka, mai nauyi kamar dutsen niƙa, a cikin baƙar jakar fata. Malam Gimba ya girmi maigidana a aiki, shi aka fara turawa koyon sarrafa ta, amma da aka tashi damƙawa sai aka damƙa wa maigidana. Malam Gimba ya yi dariya ya ce an raba shi da ɗaukar kaya. Ni ban yarda da dariyar ba. Haka Allah ya yi ni, in mutum ya cika fara'a a inda ya kamata ya ɓata rai, sai in fara neman abin da ya ɓoye.

Baban Sadiya ya kafa doka, ba mai buɗe jakar, ba mai taɓa zif ɗinta. Na bi doka. Sai dai ni 'yar Babarbariya ce, mahaifina Bakano ɗan kasuwa, amma hannun uwata na ɗauko wajen turare. Ko a shekarar da tuwo ya zama sau ɗaya, kwalbar turarena ba ta yi ƙasa ba. Kowace safiya nakan zuba garwashi a kasko, in barbaɗa haɗina, in kifa kabbasa a kai, wato kwandon nan mai ramuka da ake shimfiɗa tufafi su sha hayaƙi. Rigarsa, hularsa, har hankicinsa. Jakar kuwa warin sito take yi, na ga bai dace mijina ya fita fes yana rataye da abu mai wari ba. Sai na riƙa ɗora ta a kan kabbasar yayin da yake wanka, da abin da ke cikinta duka, tunda an hana ni buɗewa. Shi da hancinsa ya saba da ƙamshin gidansa bai taɓa lura ba.

Da shuka ta ƙone, aka ce za a raba irin gero mai saurin nuna, amma sai ofis ya kai sunayen manoman da abin ya shafa Damaturu kafin wata Litinin. Su biyun suka yi ta zaga ƙauyuka a keke da motar haya suna rubutawa a littattafai, su dawo maigidana ya shigar a na'ura. Wata Alhamis zazzaɓi ya kwantar da shi, Malam Gimba ya ɗauki jakar ya tafi Fika shi kaɗai. Da ya dawo da yamma, ni na karɓa daga bakin zaure.

Ya ce, “Maman Sadiya, ka rage wa jakan nan gata. Ba amarya ba ne.”

Na ce, “To, Malam Gimba.” A raina kuwa na ce ka ji hassada, har ƙamshin ma ya tsone masa ido.

Washegari na'ura ta fara halinta. Ana cikin rubutu sai ta sandare, fuskarta ta koma shuɗiya da wasu rubuce-rubuce, sannan ta mutu. A kunna, ta yi kamar za ta tashi, ta sake mutuwa. Ƙasanta kuwa zafi kamar dutsen guga. Baban Sadiya ya cire batir ya mayar. Ya ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta shiga, ni ina gefe ina yi mata fifita da maficin da ko shi ban yi wa ba a ranar. Ya kai ta shagon wani mai magani da ke da janareto, ko ƙarfin wuta ne bai ishe ta ba. Duk a banza.

Malam Gimba ne ya ba da shawarar a wanke ta a sake zuba mata rai. A aljihun jakar na waje akwai wasu ƙananan faifai masu kusurwa huɗu, guda goma sha uku, kowanne da lambarsa, ɗauri biyu da roba. Maigidana ya ce a cikinsu ran na'urar yake, abin da 'yan yanzu ke kira manhaja. Za a share tsohon, a riƙa zura su ɗaya bayan ɗaya har ta farfaɗo. Sunayen da ke ciki za su tafi, amma littattafai na nan, in ta tashi kwana biyu ya isa a sake shigarwa.

Sai jiran wuta. Ranar Asabar ta zo da azahar, suka zauna a zaure, ni ina leƙe ta bayan labule. Na ɗaya ya shiga, ta yi ƙugi ta karɓa. Na biyu, na uku, har na takwas, wani layi yana tafiya a hankali a fuskarta. Aka zura na tara. Ta yi ƙara kamar mai tauna tsakuwa, ta yi shiru, ta sake, sannan ta rubuto cewa ba ta iya karantawa. Suka fitar, suka hura, suka goge da gefen riga, suka mayar. Haka dai. Suka koma tun daga na ɗaya, kafin su kai na shida aka ɗauke wuta. Lahadi ba a kawo ba sam. Litinin da Talata suka sake gwadawa, sau biyar ina ƙirgawa, kullum a na tara take cijewa. Yanzu tsohon ran ya tafi, sabon ya ƙi shiga, ta zama akwati.

A nan na sa baki, kuma ba zan ɓoye ba, da niyya na sa. Ina zuba masa kunu ranar Laraba na ce, “Baban Sadiya, ni fa ruwa ba ya tsami banza. Wata nawa tana hannunka lafiya lau?”

Ya ce, “Biyar.”

“Kwana nawa ta yi a hannun wani?”

Ya ajiye ludayi. “Binta, ki iya bakinki. Gimba ne fa.”

“Ni ban kira suna ba. Amma wa ya ce a share ta? Kuma wa aka tsallake aka ba ka? In ta mutu a hannunka, wa za a ce bai iya riƙon amana ba?”

Bai ƙarasa kunun ba. Na san maganar ta shiga.

Lokaci na ƙurewa, sai aka koma alƙalami. Kwana biyu cur, Laraba da Alhamis, muka zauna kwafe sunaye da hannu, da takardar kabon a tsakani don a sami kwafi uku. Su biyu a zaure, ni a bakin ƙofa ta ciki, tunda na yi makaranta kuma rubutuna ya fi nasu kyau. Zufa na ɗiga a takarda, sai mun sa tsumma a ƙarƙashin hannu. Malam Gimba na karanto sunaye yana tsokanar masu su, wane mai gonar da ko akuya ta raina, wane da ya rantse buhu goma ya shuka. Da can maigidana zai yi ta dariya har da tari. A ranakun nan “uhm” kawai yake cewa. Da rana ta take, Malam Gimba ya ce, “Maman Sadiya, a taimaka da ruwa, maƙogwaro ya bushe.” Na tashi. Na ɗebo wa mijina daga randar baya a kofinsa. Na Malam Gimba kuwa na tsiyayo daga jarkar tsakar gida. Ya karɓa, ya kurɓa, ya ɗan tsaya, sannan ya shanye duka ya ce alhamdulillahi. Har na ji daɗi a raina, wai na rama wa mijina.

Ranar Juma'a da safe maigidana ya kai na'urar wurin Bulus, wani mai gyaran rediyo da keken rubutu a bakin tasha. Bai taɓa buɗe irinta ba, amma mutum ne mai hankali da hannu. Bayan masallaci Baban Sadiya ya dawo fuska a murtuke, ya zube faifan a tabarma.

Ya ce, “Biri ya yi kama da mutum. Bulus ya ce wuta aka nuna wa abin nan. Dubi na tara, ya lanƙwashe. Na goma har na sha uku duk haka. Cikin na'urar kuma wani baƙin danƙo ya toshe inda take shan iska. Ya ce ko dai an bar ta kusa da murhu, ko an ɗora ta a kan injin mota. Motar Fika fa, Binta. Mutumin da aka koya wa abin nan kafin ni, zai ce bai san zafi na kashe ta ba?”

Ya fita. Na ɗauki na taran ina juyawa, ban san abin da ya sa na kai shi hanci ba. Kajiji. Sandal. Da ɗan abin nan da uwata ta koya mini, wanda ba mai sa shi a duk unguwar sai ni. Na jawo jakar, na duba aljihun waje. Shi ne gefen da nake kwantarwa a kan kabbasa, fatar wurin har ta yi duhu ta bushe. Ɗauri na biyu, daga tara zuwa sha uku, shi ke manne da fatar. Na zauna daɓas a ƙasa. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a ɗakina, kuma da hannuna nake hura ta kowace safiya, har da safiyar ranar.

Da na faɗa a ranar, da ba abin da zai faru sai faɗa da kunya. Ban faɗa ba. Tsoro ya kama ni, kayan ofis ne, ga zafin zuciyar maigidana, ga kuma bakin da na riga na saki. Da wane ido zan ce masa ni ce, bayan na nuna masa wani? Na ce bari ya huce zuwa gobe. Asabar na ce sai an kai sunaye. Malam Gimba ya zo bayan la'asar kamar kullum, maigidana ya aiko a ce ba ya jin daɗi. Ina ji daga ciki ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ja kekensa. Lahadi ma haka. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ko kasko na gani sai in kau da kai. Ranar Litinin na ba Baban Sadiya rigarsa ba turare, bai ma lura ba. Ya tafi Damaturu da sunaye, da kuma wata takarda da na gan shi yana rubutawa, wadda ban tambaye shi ko ta mece ce ba, domin na san ƙarar Malam Gimba ce.

A makon ruwa ya dawo. Ya sauka da hantsi, yara suka fita tsirara suna ihu, muka jera duk wani mazubi a ƙarƙashin indararo, ƙamshin ƙasa ya cika gari. Iri ya iso, aka raba, mutane suka koma gona. Kowa na murna ban da gidanmu. Bayan kwana goma takarda ta fito, an mayar da Malam Gimba can arewa, bakin iyaka, inda mota ke zuwa sau ɗaya a mako.

A ranar na faɗa. Na durƙusa na ajiye masa jakar da faifan, na ce ya shinshina. Ya shinshina. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Abin da ya ce kawai, “Tun yaushe kika sani?” Na ce tun Juma'ar. Ya tashi ya sa takalmi. Ya je Damaturu washegari ya ce shi ya yi kuskure, aka ce masa bakin alƙalami ya bushe. Ya je Yindiski wurin amininsa, ban san abin da suka faɗa wa juna ba, ya dawo idonsa ja.

Ana gobe zai tafi, Malam Gimba ya zo sallama. Bai zauna a tabarma ba, a tsaye ya tsaya bakin zaure. Na fito har ƙofa, na ce, “Malam Gimba, ni ce na cuce ka. Don Allah ka yafe mini.”

Ya ce, “Ai na sani, Maman Sadiya. Tun a Fika da na buɗe jakan na ji. Na ga fatan ya ƙone. Ba na gaya maka ka rage gata ba?”

Maigidana ya ce, “Ka sani? To me ya hana ka faɗa, Gimba? Ko da aka kira ka a ofis?”

“In ce me? Matan malamin gona ya gasa kayan ofis a kan kasko? Ni an canja mini gari ne kawai. Kai da korarka za a yi, kuma garin nan ba za a daina ba da labarin ba har jikokinku.” Ya gyara hularsa. Sannan ya juyo wajena, ba fushi a fuskarsa, har da ɗan murmushi. “Takarda bai dame ni ba, aikin gwamnati ya gaji haka. Amma ruwan nan na ranar rubutu. Shekara nawa ina shan randan gidan nan, na san sanyinsa. Da na kurɓa na ji na jarka ne, na san an riga an yanke mini hukunci.”

Na juya da sauri na ɗebo daga randar baya, na cika kofin maigidana, na kawo da hannu biyu. Ya kalli kofin.

Ya ce, “Na gode. Na sha a gida.”

Ya yafe, na yarda ya yafe, domin duk sallah yana aiko da gaisuwa, kuma da Baban Sadiya ya rasu yana sahun gaba. Amma bai ƙara sa hannu a kwanon gidanmu ba. Shekara goma sha tara maigidana ya yi bayan nan yana cin tuwonsa shi kaɗai a zaure, bai taɓa yi mini gori ba, ni ce dai ke ɗauko kwanon in ga rabi ya rage.

Na'urar an mayar da ita ofis, ban san ƙarshenta ba. Faifai na tara yana nan a ƙasan akwatina, har yanzu in ka kai shi hanci za ka ji kajiji. Yanzu da firji a gidan, Sadiya ta saya, yaran ba su san bambancin randa da jarka ba. Ni dai ban fasa randar baya ba. Duk wanda ya yi sallama a zauren nan, ko na san shi ko ban san shi ba, ko ina zarginsa da wani abu, da kaina nake tashi in ɗebo, kuma sai na fara kurɓa na ji sanyinsa kafin in miƙa.